Kwana a Cikin Ganuwa ko a Bakin Teku: Zaɓen Masauki a Tsibirin Rodos

Tsibirin Rodos na ƙasar Girka yana gabashin Bahar Rum, dab da gaɓar Turkiyya, har idan gari ya yi garau ana hango duwatsun Turkiyya daga bakin ruwa. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 80, kuma babban birninsa, wanda shi ma Rodos ake kiransa, yana zaune ne a can ƙuryar arewa, inda tsibirin ya tsuke kamar tsinin mashi. Wannan zama na birnin a ƙurya shi ya sa batun masauki yake buƙatar shawara tun kafin a biya kuɗi, domin babu wata tsakiya da mutum zai sauka ya ce komai na kusa da shi. Ko dai ya sauka a cikin tsohon birni mai ganuwa ya riƙa fita neman teku, ko kuwa ya sauka a ɗaya daga cikin garuruwan shaƙatawa da ke jere a gaɓa, ya riƙa shiga mota duk ranar da yake son ganin birni. Na kwana a wuraren biyu, kuma abin da na lura da shi shi ne hasarar ba ɗaya ba ce. Wanda ya je bakin teku da rana tsaka ya dawo, kusan duk abin da teku yake bayarwa ya samu. Wanda kuwa ya shiga tsohon birni da rana tsaka ya fita, ya same shi ne a lokacin da ya fi kowane lokaci cunkoso da zafi.

Dalilin haka yana cikin abin da birnin yake ƙunshe da shi. An kafa shi a shekara ta 408 kafin miladiyya, amma abin da ido yake gani a yau mafi yawansa aikin wasu barade ne Kiristoci 'yan ƙungiyar Yohanna Mai Tsarki, waɗanda suka riƙe tsibirin fiye da shekara 200, daga farkon ƙarni na 14 har zuwa 1522. Su suka kewaye garin da ganuwar dutse mai tsawon kimanin kilomita 4, da gwalalo mai faɗi wanda a yau aka mai da shi hanyar tafiya a ƙafa, kuma har yanzu ana ganin manyan harsasan igwa na dutse a yashe a cikinsa. Rundunar Sarki Muhammadu na Biyu ta Turkawa ta kewaye garin a 1480 ta koma ba ta ci shi ba. A 1522 Sarki Sulaiman ya zo da kansa, ya tsare garin kimanin wata shida har baraden suka miƙa wuya, suka fita a ranar farko ta 1523, daga baya suka zauna a Malta. Turkawa suka mulki tsibirin har 1912, Italiya ta karɓa, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka haɗe shi da Girka. A 1988 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya.

Kowane mai mulki ya bar sawunsa, kuma duk a cikin fili ɗaya da mutum zai ratsa a ƙafa cikin minti ashirin. Akwai Titin Barade, wanda ya miƙe ya haura har Fadar Shugaban Barade. Ita fadar fashewar albarushi ta rushe ta a 1856, Italiyawa suka sake gina ta a ƙarshen shekarun 1930, shi ya sa cikinta ya fi kama da fadar sarkin zamani fiye da sansanin yaƙi. Asibitin baraden shi ne gidan adana kayan tarihi a yanzu. A saman Titin Sokratus, wanda shi ne kasuwar garin, akwai Masallacin Sulaiman mai jan fenti, da aka fara ginawa bayan cin garin aka kuma sake gina shi a 1808, kuma a gabansa akwai ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga na 1793, inda ake ajiye da Alƙur'anai rubutun hannu da littattafan Larabci da Farisanci da Turkanci. A can unguwar gabas akwai majami'ar Yahudawa ta Kahal Shalom, ta 1577, wadda ta saura bayan da aka kwashe Yahudawan garin a 1944. Wanda ya san Kano ba zai rasa yin murmushi ba idan ya ji cewa a zamanin Turkawa Kiristocin Girka a bayan ganuwa aka zaunar da su, suna shiga da rana su yi sana'a, su fita kafin a rufe ƙofa.

Matsalar ita ce tashar manyan jiragen ruwa na 'yan yawon buɗe ido tana manne da ganuwar. Daga misalin ƙarfe goma na safe, mutanen jirage da waɗanda bas-bas suka kwaso daga otal-otal na gaɓa sukan haɗu su cika Titin Sokratus, kowace ƙungiya tana bin jagoranta mai ɗaga tuta, masu gidajen abinci kuma suna tsaye a bakin ƙofa suna kiran ciniki. Dutse yana shan rana yana mayarwa, iska kuwa ganuwa ta tare ta. Wannan shi ne birnin da mazaunin bakin teku yake gani, kuma na sha jin wanda ya dawo yana cewa ai kasuwar tsaraba ce kawai. Wanda ya kwana a ciki wani garin dabam yake gani. Na fita bayan asuba na tarar da Titin Barade babu kowa sai kyanwoyi da wani dattijo yana wanke bakin shagonsa da bokiti, ƙarar takalmina tana dawo mini daga bango. Da dare kuma, bayan jirage sun tashi, idan mutum ya bar babban titi ya kutsa lungunan kudu, sai ya iske tsofaffi a kan kujeru a ƙofar gida, wanki a shanye, da bakunan gine-gine da suka tsallaka lungu suna tallafe bango da bango saboda girgizar ƙasa. Mutane suna zaune a garin nan da iyalansu, kuma sai an kwana ake gane haka.

Sai dai wahalar zama a cikin ganuwa ta gaske ce, kuma ba zan rage mata komai ba. An taƙaita shigar motoci, don haka tasi yakan ajiye mutum a bakin ƙofar gari ne, ya ƙarasa a ƙafa. Daɓen lungunan kuwa na ƙananan duwatsun teku ne da aka kafa a tsaye ɗaya bayan ɗaya, abin sha'awa ga ido, azaba ga tayar akwati. Tawa tayar ta karye tun ban yi nisa da ƙofa ba, na ƙarasa da akwatin a kafaɗa, ina neman masaukin da taswirar waya ta kasa nuna mini lungunsa, domin lungunan sun yi mata ƙanƙanta. Masaukan yawancinsu tsofaffin gidaje ne da aka gyara, masu ɗakuna kaɗan, da matakala masu tsayi da ƙunci, galibi babu na'urar hawa bene, kuma wurin ninƙaya sai an tona. Wanda zai tafi da tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko da jariri a keken turawa, ya kamata ya auna wannan da kyau. Haka nan ya kamata a tambayi inda ɗaki yake fuskanta, domin akwai lungunan da gidajen rawa suke kwana suna kiɗa, alhali lungu biyu gaba shiru ne kamar ƙauye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne mazaunin tsohon birni bai rasa teku ba. Daga ƙofar arewa, idan ya bi ta tashar jiragen ruwa ta Mandraki, inda ake cewa nan ne wani ƙaton gunki na mutanen Rodos na dā ya tsaya kafin girgizar ƙasa ta kayar da shi a wajen shekara ta 226 kafin miladiyya, tafiyar kusan minti ashirin za ta kai shi gaɓar Elli. Tsakuwa ce gauraye da rairayi, ruwan yana da tsabta amma yana saurin zurfi, kuma da rani laima tana gogar laima. Ba ita ce gaɓar da ta fi kyau a tsibirin ba, amma ta isa wanda yake son ya jiƙa jiki da la'asar. Kuma tashoshin bas na tsibirin duka suna nan kusa da Sabuwar Kasuwa, a wajen ganuwa: bas ɗin kamfanin KTEL yana bin gabas har garin Lindos da gaba, na kamfanin RODA yana bin yamma da filin jirgin sama. Wato duk hanyoyi daga birni suke tashi, kuma wanda ke zaune a can ba ya buƙatar hayar mota.

Garuruwan gaɓa kuwa ba a haɗa su a yi musu hukunci ɗaya, domin gabas da yamma tamkar tsibirai biyu ne. A yamma, inda Iksiya da Iyalisos suke, 'yan kilomitoci kaɗan daga birni a kan hanyar filin jirgi, iskar rani da ake kira meltemi tana kaɗawa kusan kullum. Tana rage zafi ƙwarai, tana kuma tayar da igiyar ruwa, shi ya sa masu wasan sulu a kan ruwa da katako mai filafilai suke tururuwa can. Gaɓar tsakuwa ce, faɗuwar rana kuwa a nan ake kallonta. Ga babba wanda yake son babban otal mai wurin ninƙaya, kuma yana son ya shiga birni da dare cikin minti goma sha biyar, yamma ta yi. Ga mai ƙananan yara da suke son wasa a ruwan teku, ba ta yi ba.

Gabas ita ce mai rairayi da ruwa kwantacce. Faliraki, kimanin kilomita 14 daga birni, ita ce babba, mai gaɓar rairayi ta kilomitoci da ruwa marar zurfi wanda yaro zai yi tafiya a ciki bai wuce ƙugunsa ba, ga kuma babban filin wasannin ruwa. Sunanta ya ɓaci a farkon shekarun 2000 saboda shaye-shayen samarin Ingila, kuma ko da yake abin ya lafa sosai, tsakiyar garin har yanzu ta mashaya ce da kiɗa. Amma manyan otal-otal na iyali suna arewa da wannan tsakiya, a jere a kan gaɓa, kuma wanda ya sauka a can zai iya yin mako bai ji ɗuriyar hayaniyar ba. Saboda haka idan an ce Faliraki, sai a tambaya wane gefe. Tsakaninta da birni akwai Kalitiya, inda Italiyawa suka gina wurin wankan magani a 1929, mai ƙubba da daɓen tsakuwa baƙi da fari. Gaɓarta ta duwatsu ce, ta fi dacewa da wanda ya iya ninƙaya. Gaba kuma, wajen kilomita 25, akwai Kolimbiya, wadda ake shiga ta wani dogon titi mai itatuwan turare a dama da hagu. Gari ne na otal-otal zalla, shiru, kusa da rairayin Tsambika, wanda a ganina babu kamarsa a tsibirin. Laifinta ɗaya: idan mutum ya fito daga otal da dare, babu inda za shi.

Lindos ce take ruɗar mai zaɓe, domin a hoto ta haɗa komai: fararen gidaje a jikin tudu, tsohuwar kagara a kan dutse mai tsayin fiye da mita 100 da kufan haikalin Girkawan dā a cikinta, da gaɓa biyu masu rairayi a ƙasa. Kyanta ba ƙarya ba ne. Amma tana da nisan kimanin kilomita 50 daga birni, tafiyar fiye da sa'a guda a bas, mota ba ta shiga cikinta, hanyoyinta hawa ne da gangara, kuma tana cikin wuraren da suka fi zafi a tsibirin saboda duwatsu sun rufe ta. Cunkoson rana da ake gudu a tsohon birni yana nan a Lindos, a cikin lungunan da suka fi ƙunci, har da jakuna masu kai mutane kagara. Ta dace da ango da amarya masu ƙarfin ƙafa da ɗan kauri a aljihu. Mai iyali da yake son kusanci da ita gara ya sauka a Pefkos, 'yan kilomitoci kudu, ya riƙa zuwa da sassafe. Daga nan zuwa kudu, wajen Kiyotari da Gennadi, otal-otal ne manya masu faɗin fili a gaɓar da ba ta cika ba, amma birni ya yi nisa, kuma wanda ba shi da motar haya ya zama ɗan zaman otal. Wannan yanki ne gobarar daji ta watan Yulin 2023 ta fi shafa, lokacin da aka kwashe kimanin mutum 19,000; an sake buɗe otal-otal, amma abin tunawa ne ga mai niyyar zuwa a tsakiyar zafi.

Batun kuɗi yana da ɗan sarƙaƙiya. Yawancin manyan otal-otal na gaɓa suna sayar da kwana da ci da sha a dunƙule, a ɗaura wa baƙo wata munduwar roba a hannu, ya ci ya sha iya cikinsa. Ga mai 'ya'ya huɗu wannan kwanciyar hankali ce, domin ya san abin da zai kashe tun daga gida, kuma yaro ba zai ce yana jin yunwa a sa hannu a aljihu ba. Sai dai wani kaso na wannan kuɗi na giya ne, don haka wanda ba ya sha yana biya wa wasu ne. Irin wannan baƙo ya fi cin riba idan ya ɗauki tsarin karin kumallo da abincin dare kaɗai. Akwai kuma wata hasarar da ba a lissafawa: wanda ya riga ya biya abincin rana yakan ji nauyin fita yawo, sai mako ya ƙare bai san tsibirin ba. A tsohon birni kuwa ɗaki da karin kumallo ake biya, sauran kowa ya nema, kuma farashin yana bin titi. A dandalin Ipokratus da kan Titin Sokratus ana biyan kuɗin wuri ne, lungu biyu baya kuwa abincin ya fi daɗi ya fi araha. A ko'ina aka sauka akwai harajin kwana da gwamnati take karɓa a kan kowane ɗaki, wanda yake ƙaruwa da yawan taurarin otal, kuma sau da yawa a otal ake biyansa, ba ya cikin kuɗin da aka gani a intanet.

Ga Musulmi, ma'aunin ya fi karkata wajen birni. Naman da Girkawa suka fi gasawa a tsire da shawarmarsu na alade ne, don haka tambaya wajibi ce a ko'ina, kuma a teburin otal inda aka jera abinci kowa yana ɗiba, cokali yakan yi yawo daga wannan tasa zuwa waccan. A gidan abinci na gari mutum yana iya cewa a gasa masa kifi, ya haɗa da salak da cuku da zaitun, ya kuma nemi pitarudiya, wani soyayyen abu na wake da albasa da na'ana'a wanda ɗan'uwan ƙosai ne, sannan ya rufe da melekuni, alewar riɗi da zuma da suke rabawa a bikin aure, wadda duk wanda ya san kantu zai gane ta. Akwai kuma Musulmi 'yan asalin tsibirin, jikokin Turkawa, waɗanda musayar jama'a ta 1923 tsakanin Girka da Turkiyya ba ta shafa ba saboda a lokacin Rodos tana hannun Italiya. Masallacin Ibrahim Fasha, na wajen 1540, a cikin ganuwa, shi ne wanda ake salla a ciki har yau. Mai kwana a birni zai taka ya je Juma'a, mai kwana a Kiyotari kuwa sai ya ba da yini guda. Game da sutura, gaɓar Turai ce, kuma kowa ya san abin da hakan yake nufi. Kusa da Faliraki ma akwai wani lungun gaɓa da aka keɓe wa masu wanka tsirara, wanda ya kamata mai yawo da iyali a ƙafa ya san da shi. Da sassafe gaɓa takan zama kusan wayam, kuma shi ne lokacin da matan da suke son shiga ruwa da cikakkiyar sutura suka fi sakewa. Wannan kam riba ce ta mai kwana a bakin teku, domin shi ne ruwa yake ƙofar ɗakinsa.

Idan aka tambaye ni, wanda zai yi kwana uku ko huɗu, babba ne ko ma'aurata marasa ƙananan yara, ya sauka a cikin ganuwa, ya ɗauki jaka ƙarama, ya ware yini ɗaya ya tafi Lindos a bas ɗin farko. Mai ƙananan yara ko dattijai ya sauka a gabas, amma kada ya yi nisa fiye da arewacin Faliraki, don birni ya kasance kusa, kuma ya shiga birnin da la'asar sakaliya ya ci abincin dare a can, kada ya bi ayarin safe. Lokacin tafiya ma yana sauya lissafin. A Yuli da Agusta zafin cikin ganuwa yana iya sa mai son tarihi ma ya gwammace gaɓa, alhali a Mayu da Oktoba birni ne yake da daɗi, ruwan Mayu kuma da sauran sanyi. Daga Nuwamba zuwa Maris yawancin otal-otal na gaɓa a rufe suke, zaɓin ma bai taso ba.

Wanda yake da mako guda, bayan ya sha wahalar neman bizar Shengen ta shiga Turai da sauya jirgi a Atina, ba dole ne ya tsaya wuri ɗaya ba. Ya raba kwanakin, uku a birni, huɗu a gaɓa, kuma ya fara da birni tun ƙafarsa tana da ƙarfi. Idan kuma jirginsa na komawa na sassafe ne, ya tuna cewa filin jirgin yana yamma, kimanin kilomita 14 daga birni, don haka daga Faliraki tafiyar ba ta da yawa, amma daga Lindos ko Kiyotari sai ya shirya mota tun da dare, ya kuma tashi kafin asuba.